WASAN HAƊA HANYOYI A KAN TAKARDA

Malamai, babu wanda bai san littafin lissafi mai gida-gida ba, irin wanda yara su ke jera lambobinsu a ciki. A yau muna so mu ba ku labarin wani wasa ƙwaƙwalwa wanda ba ya bukatar kome sai shafi ɗaya na wannan littafi, da fensir, da abin gogewa. Masu shi suna kiransa Numberlink, mu kuwa a nan za mu ce da shi wasan haɗa hanyoyi. Mun ga manya masu gemu sun raina shi da farko, sun ce ai aikin 'yan aji ɗaya ne, sa'an nan kuma mun ga sun zauna a kansa har shayinsu ya huce ba su sani ba.

Ƙa'idodinsa ba su da yawa. A kan zana fili mai gidaje, misali biyar a tsaye biyar a kwance, kusan yadda 'yan dara su ke haƙa gurabensu a ƙasa. Sa'an nan a zuba haruffa ko lambobi a waɗansu gidajen, ko wane harafi sau biyu. Aikin mai wasa shi ne ya ja hanya daga ko wane harafi zuwa wurin ɗan'uwansa. Hanyar tana tafiya daga gida zuwa gidan da ke manne da shi, sama ko ƙasa, dama ko hagu, amma ba ta yankewa a karkace. Hanya biyu ba su gittawa, ba su kuma tarayya a gida ɗaya. A wurin mutane da yawa akwai ƙa'ida ta ƙarshe, watau kada a bar gida ko ɗaya ba a bi ta cikinsa ba. Iyakar dokar ke nan.

Wasan ba na jiya ba ne. A shekarar 1897 wani Ba'amurke mai suna Sam Loyd, wanda ya yi suna ƙwarai wajen tsara irin waɗannan abubuwa, ya buga wani iri nasa a jaridar Brooklyn Daily Eagle. A cikin wasannin Loyd akwai na maƙwabta uku da su ka yi faɗa a kan kaji, har ko wanensu ya gina wa kansa hanya daga ƙofar gidansa zuwa ƙofar fita, don kada ya sake haɗuwa da sauran. Bayan shekara 20, a 1917, Henry Dudeney na Ingila ya sa wani a littafinsa mai suna Amusements in Mathematics, shi ne na 252 a ciki. Nasa na masu mota takwas ne, ko wane ya tashi daga gidansa zuwa majami'arsa, ba tare da hanyar wani ta gitta ta wani ba. Malaman ofis za su so su ji cewa shi wannan Dudeney aikin akawu ya kama a gwamnatin Ingila tun yana ɗan shekara 13, bai kuwa shiga jami'a ba. Lissafin da ya sa har yau a ke ambatonsa, da kansa ya koya wa kansa bayan an tashi aiki.

Mutanen Japan su ne su ka ɗauki wasan su ka gyara shi ya zama yadda ya ke yanzu. Wani mutum mai suna Maki Kaji, wanda ya rasu a 2021, shi da abokansa su ka kafa mujallar Nikoli a 1980, su ka sa mata sunan wani dokin sukuwa. Ita ce ta yaɗa Sudoku, ita ce kuma ta raini wannan wasa namu. Yawancin abin da ta ke bugawa masu karatunta ne su ke tsarawa da hannu su aiko. A 2012 kuma wani kamfani mai suna Big Duck Games ya sa wasan a wayar hannu da sunan Flow Free, inda a ka maye gurbin haruffa da ɗigo masu launi. Ta nan ne mutane da yawa su ka fara saninsa, ba su san kakanninsa sun haura shekara 100 ba.

Amma labari ba ya koya wa mutum wasa. Ga fili nan, a kwafe shi a takarda mu bi shi tare. Ko wane ɗigo gida ne wanda ba kowa a ciki.

. . . . .
. C B D .
A . . . A
. . B . .
. . C D .

Duk wanda a ka miƙa wa wannan, a kan A idonsa zai fara faɗawa, gama ga su nan a sahu na uku suna kallon juna, ba kome tsakaninsu sai gida uku. Har hannu ƙaiƙayi ya ke yi ya ja layi ɗoɗar. To, a dakata tukuna. A na hagu yana jikin bangon hagu, na dama yana jikin bangon dama. Hanyar da ta tashi daga bango ta tafi bango kuwa ta zama katanga, ta raba filin biyu. B ɗaya da C ɗaya da D ɗaya suna sama da katangar, 'yan'uwansu suna ƙasa. Da zane guda an kashe mutum uku.

Ta ina ke nan A zai bi? A dubi jerin gidajen tsakiya daga sama zuwa ƙasa. Tilas hanyar A ta ƙetare wannan jeri, tun da ɗaya yana hagunsa ɗaya yana damansa. Gida biyar ne a jerin. Uku da masu su a ciki, watau B da B da C. Saura biyu, na can sama da na cibiyar fili. Na cibiya ba shi da amfani, domin ko yaya a ka lanƙwasa hanyar, muddin ta bi ta nan ta shiga tsakanin B da ɗan'uwansa, ta raba su har abada. Saura na sama kaɗai. Da zarar an yarda da wannan, sauran ba shawara a ciki. Daga gidan nan na sama hanya ta yi hagu, ba ta iya sauka don C yana ƙasa, sai ta shiga kusurwa, ta gangaro ta iske A. Haka kuma ta yi a dama. Gida tara ta ci maimakon biyar. Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Yanzu a dubi C na sama. An tare shi ta sama da ta hagu, B yana damansa, ba shi da ƙofa sai ta ƙasa. D na sama ma haka. B na sama shi ma ƙofarsa ɗaya ce, ya sauka cibiya, ya tarar C ya riga shi hagu, D ya riga shi dama, sai ya zarce wurin ɗan'uwansa. C da D su ka ƙara saukowa taki ɗaya zuwa sahu na huɗu, don ba su da wani wurin zuwa.

A nan ne tarko na biyu ya ke. D ya iso dab da ɗan'uwansa, taki ɗaya ya rage. In ya taka, an bar gida biyu a kusurwar dama ta ƙasa, ba mai iya kai musu. Saboda haka sai ya kau da kai, ya yi dama, ya sauka kusurwa, ya komo wa ɗan'uwansa ta baya. C ma ya kewaya ta kusurwar hagu. A ya ci gida 9, B 3, C 7, D 6, jimla 25, ba saura.

Abin da mu ke so a lura da shi shi ne, tun daga farko har ƙarshe ba mu yi canke ko sau ɗaya ba. Ba mu ce bari mu gwada nan mu gani ba. A ko wane taki mun nemi wurin da ba zaɓi, mu ka bi, shi kuma ya rufe wa wani ƙofa, ya haifar da wani wurin da ba zaɓi. Wanda ya fara da harafin da ya fi sauƙi a ido, ya kan gama uku ko huɗu da sauri, sa'an nan ya tarar na ƙarshe a kulle, ya goge duka. Wanda ya fara da inda ya fi ƙunci, da wuya ya taɓa abin gogewa.

Ba za mu ɓoye muku aibin filin nan namu ba. Da za a ɗebe ƙa'idar cika gidaje, C yana da hanya biyu, D ma biyu, amsa ta zama huɗu. Masu tsara wasan a Japan ba duka su ke rubuta wannan ƙa'ida ba, amma a wurinsu fili bai yi kyau ba sai amsarsa ta zama ɗaya tak, kuma galibi in an same ta a kan tarar ta cika gidajen da kanta. Da mun aika musu da namu, muna zaton da sun mayar mana da shi.

Wuraren da ba zaɓi suna da inda su ke ɓuya. Na farko kusurwa. Gidan kusurwa maƙwabta biyu gare shi, in ba harafi a cikinsa to lalle hanya ta shiga ta ɗaya ta fita ta ɗayan, ana iya zana wannan gwiwa tun ba a san ta wane ne ba. Na biyu jikin bango, musamman gidan da haruffa su ka matse. In gida yana da maƙwabta uku, biyu daga ciki haruffa ne dabam-dabam, ba zai haɗa su ba, tilas ya yi amfani da na ukun. Bayan ko wane zane kuma a tsaya a duba, ko an yanke wani yanki an bar harafi a ciki shi kaɗai, ko an bar lungu mai ƙofa ɗaya wanda in an shiga ba fita.

Maganar katanga tana da zurfi fiye da yadda a ke zato. A ɗauki haruffa huɗu a jera su a jikin bango, a kewaye, A sa'an nan B sa'an nan A sa'an nan B. Ko filin ya kai girman filin sukuwa ba mai iya haɗa su, domin hanyar A za ta bar B ɗaya a wannan gefe, ɗaya a wancan. Ko wane manomi ya san shingen da ya kewaye gona yana da ciki yana da waje, ba a kuwa fita sai an tsallake shi. Amma masana lissafi ba su yarda da abu don ido ya gani ba, sai da wani Bafaranshe, Camille Jordan, ya zauna ya rubuta hujjar wannan a 1887.

Daga nan ne a ke gane sirrin wani wasa da ya daɗe yana wahalar da mutane, wanda shi ma Dudeney ya sa a littafinsa, ya ce tsoho ne tun kafin zamaninsa. Gida uku ne, ana so a kai wa ko wanensu ruwa da gas da lantarki daga tasha uku, ba tare da bututu ya hau kan bututu ba. Ana bukatar layi tara. Kowa ya gwada zai sami takwas, na tara ya gagara. Dalili kuwa ga shi. A fara haɗa gida biyu da tashoshin nan uku. Layukan shida sun raba takardar yanki uku, ko wane yanki kuwa tasha biyu kaɗai ke jikin shingensa. Duk yankin da gida na uku ya faɗa, akwai tasha ɗaya da ke bayan shinge. A 1930 wani masani na ƙasar Poland, Kazimierz Kuratowski, ya nuna cewa wannan zane yana ɗaya daga cikin zane biyu waɗanda su ne tushen duk abin da ba ya shimfiɗuwa a takarda sai da gittawa. Mun kawo wannan ne don mun san akwai masu ba yara shi su ce wanda ya warware yana da kyauta. Wannan ba adalci ba ne. In za a ba su, a bar su su sha wuya kwana ɗaya, kashegari a tambaye su don me ya gagara, a ba da kyautar ga wanda ya faɗi dalili.

Mu kanmu mun taɓa faɗawa irin wannan rami. Sa'ad da mu ke kwafe filin nan na sama, hannu ya zame, mu ka sa D na ƙasa a can kusurwa maimakon gida na huɗu. Mu ka miƙa wa wani abokinmu malamin makaranta. Ya haɗa haruffa duka, gida ɗaya ya ragu. Ya goge ya sake, wani gidan ya ragu. Daga la'asar har a ka kira magariba yana abu ɗaya, yana zargin kansa, alhali kuwa laifin namu ne.

Akwai ma'aunin da zai tona irin wannan kuskure tun ba a ja layi ko ɗaya ba, ya kamata duk mai tsara wasan ya san shi. A shafa wa gidaje baƙi da fari bi da bi, a fara da baƙi a kusurwa, yadda ko wane baƙi maƙwabtansa farare ne. A fili mai gida 25 za a sami baƙi 13, fari 12, watau baƙi ya fi da ɗaya. Hanya kuwa ko wane taki sai ta sake launi. In ta tashi a baƙi ta ƙare a baƙi, baƙaƙenta sun fi fararenta da ɗaya. In ta tashi a fari ta ƙare a fari, fari ya fi da ɗaya. In bakinta biyu launinsu dabam, sun yi kunnen doki. A filinmu na gaskiya A da C ko wanensu ya ba baƙi ɗaya, B ya ba fari ɗaya, D bai ba kowa ba. Baƙi ya fi da ɗaya, lissafi ya fita. Da D ya koma kusurwa sai shi ma ya ba baƙi ɗaya, rarar ta zama biyu, filin kuwa ɗaya gare shi. Ko shekara abokinmu ya yi a kai, gida ɗaya zai ragu. Sai dai a kula, ma'aunin nan yana iya cewa fili ba shi da amsa, amma ba ya iya tabbatar da cewa yana da ita.

Watakila wani ya ce, duk wannan ai wasa ne, ina amfaninsa? A buɗe bayan rediyo ko wayar hannu a ga allon nan mai siraran hanyoyin tagulla. Ko wace hanya tana haɗa wuri da wuri, in biyu su ka taɓa juna na'ura ta lalace. Wasanmu ke nan, sai dai haruffan dubbai ne. A 1961 wani injiniya mai suna C. Y. Lee na ɗakin binciken Bell a Amurka ya fito da dabarar da kwamfuta za ta bi ta sami hanya. A rubuta 1 a gidajen da ke manne da mafari, 2 a na bayansu, 3 a na bayan waɗannan, kamar ruwa yana malala a tsakar gida, har a taɓa inda a ke nema, sa'an nan a bi lambobin a komo da baya. Dabarar ba ta kuskure, in akwai hanya za ta sami mafi gajarta. Amma waya ɗaya ta ke dubawa. Gajeriyar hanyar wayar farko ta kan tare ta goma, daidai yadda A ya so ya yi wa B da C da D, har ya zama injiniyoyi su kan tumɓuke waɗansu su sake shimfiɗawa.

Ba kuwa rashin wayo ne ya sa haka ba. A 1975 James Lynch ya nuna cewa haɗa wurare bibbiyu a fili mai gidaje yana cikin wani rukunin matsaloli masu taurin kai, waɗanda in an kawo amsarsu duba ta ba wuya, amma ba wanda ya san gajeriyar dabarar nemo ta in filin ya yi girma. A 2015 waɗansu masana, cikinsu har da Erik Demaine na jami'ar MIT, su ka nuna haka abin ya ke ko da an ƙara ƙa'idar cika gidaje. Ko akwai irin wannan dabara ko babu, tambaya ce da har yanzu ba a amsa ba, tun shekarar 2000 kuwa Cibiyar Clay ta Amurka ta ajiye dala 1,000,000 ga wanda ya amsa ta. Kada wannan ya tsorata kowa. Filin da mutum ya tsara da hannu don ɗan'uwansa, ya kan bar masa bakin zare da gangan.

Game da na waya, ba mu hana kowa ba, amma a ganinmu takarda ta fi. A waya yatsa ya kan riga hankali. Mutum ya ja, ya ga bai yi ba, ya sake ja, har sa'a ta sa ya dace, a ba shi tauraro ya wuce na gaba. In an tambaye shi don me hanyar nan ta bi nan, ba shi da ta cewa. Fensir kuwa yana sa mutum ya yi tunani kafin ya zana, ko don ƙyashin gogewa.

Shawararmu ga malaman makaranta ita ce a zana filin a allo, a kafa doka ɗaya. Ba yaron da zai karɓi alli sai ya faɗa wa aji dalilin da ya sa hanyar ba ta da wani wurin bi. In ya ce, "Malam, gani na yi kamar nan ne," a ce ya zauna tukuna. In ya ce, "Malam, ta sama an tare, ta hagu bango ne, ta dama wani harafi ne," a miƙa masa alli. Yaron da ya saba da wannan, ran da a ka ce ya kawo hujja a darasin lissafi ba zai ji baƙon abu ba. In sun ƙware, a sa su su tsara nasu. A fara zana hanyoyi su cika fili, a rubuta harafi a bakin ko wace hanya, a goge tsakiya, a ba na kusa. In na kusa ya sami amsar da ba ita mai tsarawa ya nufa ba, filin ya koma wurin mai shi ya gyara. Malaman ofis kuwa ba sai mun tuna musu ba cewa takardar gwamnati da lokacin gwamnati ba na haɗa A da A ba ne, a bari sai an tashi.

Ga wani nan mun bar muku, mai gida 36 da haruffa biyar. Mun bi shi gida gida, amsarsa ɗaya ce in an cika filin duka, wannan karon kuma mun duba kwafin sau biyu.

. . . B . .
. C . . . .
A . . . A .
. D E . B .
. E . . . C
. . . . . D

Wanda ya rasa ta inda zai kama, ya dubi gidan farko na sahu na huɗu, wanda A ke samansa D ke damansa, ya tambayi kansa hanyar wa za ta iya bi ta nan, in kuma ta A ce, ina D na kusurwa zai fita.